Cutar Kilamidiya

Kilamidiya cuta ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, wata ƙwayar bakteriya mai suna Chlamydia trachomatis ce ke jawo ta, kuma cikin duk cututtukan saduwa da bakteriya ke kawowa babu wadda ta kai ta yawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu sabbin kamuwa kusan miliyan 129 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, matasa ne kuma ta fi addaba. Tana jin magani, kwana bakwai an gama da ita, toh amma akasarin masu ita ba su ma san suna ɗauke da ita ba, shi ya sa take daɗewa a jiki tana ɓarna.

Ƙwayar da kanta

Ita wannan ƙwaya ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, in ta shiga sai ta sauya kama ta ninninka kanta, bayan kwana biyu zuwa uku ta fito ta kama na kusa. Wasu masu bincike biyu, Halberstaedter da von Prowazek, su suka fara ganin ta a tsibirin Java a 1907, sai a 1957 wani masani ɗan ƙasar Sin, Tang Feifan, ya iya rainon ta a cikin ƙwan kaza a Beijin. Iri-iri ce. Wasu al'aura suke kamawa, wasu ido, akwai kuma masu sa kaluluwa ta kumbura a matsematsi.

Yadda ake ɗauka da alamomi

Ta saduwa ake ɗauka, ta gaba ko ta dubura ko ta baki, sannan uwa na iya shafa wa jariri lokacin haihuwa. Ba a ɗaukar ta a masai, ba a ɗauka a buta ko kwanon abinci ko musabaha. Dole a faɗi wannan da babbar murya dan mata da yawa duk abin da ya same su a ƙasa sai su ce ai a banɗaki suka kwaso, shi kenan sai a bar maigida ba magani.

Wajen mata 7 cikin 10 da rabin mazan da suka kamu ba sa jin komai. Waɗanda suka ji, yawanci bayan sati ɗaya zuwa uku ne, mace za ta ga ruwa yana fita ba irin wanda ta saba ba, zafin fitsari, ciwon mara, zafi lokacin saduwa ko ɗigon jini bayanta, ko jini ya ɗan zo alhali ba lokacin al'ada ba ne. Namiji kuma ruwa-ruwa ne a bakin gaba musamman da safe, da raɗaɗin fitsari, wani lokaci maraina ɗaya ta kumbura tana zafi. A wajenmu duk wannan ciwon sanyi ake ce masa, a haɗa shi da gonoriya da ƙaiƙayin da naman gwari ke sawa, alhali kowanne maganinsa daban.

Illarta

Nan ne abin yake da ban tausayi gaskiya. In ba a yi magani ba ƙwayar na haurawa daga bakin mahaifa ta shiga mahaifa har bututun da ƙwai ke bi, kusan mace 10 zuwa 15 cikin 100 na waɗanda ba su sha magani ba sukan samu wannan kumburi na cikin ƙugu, wata da zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani, wata kuma shiru kawai ba ta ji komai ba. Bayan kumburin ya lafa sai ya bar tabo, tabon ya toshe bututun ko ya tsuke shi. In ya toshe duka gefen biyu ciki ba zai shiga ba, in kuma tsukewa ya yi ciki na iya maƙalewa a cikin bututun ya fashe, jini ya zuba a cikin ciki, wannan tiyatar gaggawa ce ko a rasa rai. Antibayotik yana kashe ƙwayar amma ba ya goge tabon da ya riga ya zauna. Sai ka ga baiwar Allah shekara da shekaru ba haihuwa, ana ta gori ana jiƙa mata saiwoyi, ba wanda ya tuna da wani ɗan zafin fitsari da mijin ya taɓa yi ya wuce.

Maza ma tana iya kumbura musu jijiyar da ke bayan maraina, wasu kuma bayan 'yan makonni gaɓoɓi su kama ciwo ido ya yi ja. Mai kilamidiya ya fi saurin ɗaukar HIV. Jaririn da ya shafa daga uwa idonsa kan kumbura yana kwantsa tsakanin kwana 5 zuwa 14 da haihuwa, ko ya kamu da nimoniya yana wata ɗaya zuwa uku.

Gwaji

Gwajin da ya fi inganci shi ne mai gano sinadarin gadon ƙwayar, wanda ake kira NAAT. Namiji farkon fitsari ake karɓa, mace kuma auduga ake gogawa a farji, tana ma iya yi da kanta. Gwajin fitsari ko na auduga da aka saba yi a ƙananan leb, wanda ake jira a ga me zai tsiro, ba ya nuna ta tunda ba ta tsirowa sai a cikin ƙwayar halitta, dan haka sakamako ya fito ba komai ba yana nufin babu ita ba. A Amurka ana ba duk macen da ba ta kai 25 ba kuma tana saduwa shawarar gwaji duk shekara, Ingila ta fara nata shirin na ƙasa a 2003. A ƙasashenmu gwajin na da tsada kuma ba ko'ina yake ba, shi ya sa asibitoci da yawa alamomi suke dubawa su ba da maganin kilamidiya da gonoriya tare, hanyar tana taimako amma wadda ba ta da alama ko ɗaya ta wuce ba a gan ta ba.

Magani

Doxycycline miligiram 100, safe da yamma, kwana bakwai, shi ne a gaba. A sha da ruwa sosai, kar a kwanta nan take dan yana ƙona maƙoshi, kar kuma a haɗa shi lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini ko ruwan maganin olsa. Mai ciki azithromycin giram 1 ake ba ta sau ɗaya, a sake gwada ta bayan kamar sati huɗu. Flagyl da maganin matsi da ake saya a kemis ba sa taɓa ta, allurar gonoriya ma ita kaɗai ba ta isa ba, likita ko ma'aikacin lafiya ya kamata ya rubuta.

Sai babban sharaɗin da aka fi karyawa: duk wanda aka sadu da shi cikin kwana 60 da suka wuce sai ya sha magani ko da lafiyarsa ƙalau. A gidan da ke da mata biyu ko uku, maigida da matan duka a lokaci guda, a kuma haƙura da saduwa har kwana bakwai kowa ya gama, in ba haka ba cutar zagaye kawai za ta dinga yi ɗaki-ɗaki. Samun ta ba hujjar zargi ba ce, tana iya zama a jiki watanni har fiye da shekara, wataƙila ma tun auren baya. Warkewa ba ta hana sake kamuwa, shi ya sa ake so a maimaita gwaji bayan wata uku. Allurar rigakafi babu har yanzu, kwaroron roba yana karewa sosai.

Dangantakarta da amosanin ido

Wasu ire-iren wannan ƙwaya su ke kawo amosanin ido da aka sani a arewacin Najeriya da Nijar, wanda ke juya gashin ido ciki yana gogar ƙwayar ido har mutum ya makance. Shi ba ta saduwa ake ɗauka ba, ƙudaje ne da hannu da tsumman goge fuska ke yaɗa shi musamman tsakanin yara. Ana yaƙar sa da rabon azithromycin gari-gari, wanke fuska, tsabtar muhalli da tiyatar fatar ido, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Ghana ta kawar da shi a matsayin matsalar lafiyar al'umma.