Kafin ki kama ƙafar Baba ki matsa

Tausa ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Tsoho ya dawo daga gona ko kasuwa, bayan isha'i ya miƙe a tabarma ya kira jika ya ce, "Zo ka taka min ƙafar nan." Yaro ya dafa bango yana tattakawa, Kaka yana sa masa albarka. Mu ma'aikatan lafiya ba mu da ja a kan tausa. Kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma ita ke ɗauke da mutum tun daga asuba. Tela da ke taka keke, da mai talla, da matar da ta wuni tsaye a madafa, duk sun san yadda take tsami da yamma.

Yin ta ba wuya. A wanke ƙafar da ruwan ɗumi, a goge ta bushe, a shafa man kaɗanya. A sa manyan yatsun hannu a murza tafin ƙafa daga diddige zuwa gindin yatsu, a ja yatsun a hankali, a jujjuya idon sawu, sannan a shafo sama zuwa gwiwa. Minti 10 ya isa. In an gama a ɗora ƙafar a kan matashi. Gajiya takan sauka, barci ya yi daɗi, kuma a lokacin hunturu man yana rage kaushi da faso.

Iyakar amfaninta ke nan. Masu yawo da hoton tafin ƙafa suna cewa in an danna nan ƙoda ta warke, in an danna can hanta ta washe, kasuwarsu kawai suke ci. Kada wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini ya ajiye ƙwayarsa saboda tausa.

Inda na fi son a saurare ni shi ne batun masu ciwon suga. Idan ciwon ya daɗe yakan lalata jijiyoyin ƙafa, har mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba. Wani ya ce ƙafarsa ta yi dundum, wani ya ce kamar ana tsira masa allura, wani kuma zafi kamar an zuba barkono, musamman da dare. Sai 'ya'ya, don tausayi, su dafa ruwa su gasa masa. An taɓa kawo mana wani dattijo ƙafarsa duk ta saluɓe. 'Yarsa tana hawaye tana cewa, "Wallahi Malama, Baba da bakinsa ya ce ruwan bai yi zafi ba." Gaskiya ya faɗa, bai ji ba. Ciwon da zai warke cikin mako a jikin wani, a jikin mai suga yana iya zama gyambo, har ta kai ga yanke ƙafa.

Don haka ke mai kula da Baba ko Inna, ki gwada ruwan da gwiwar hannunki tukuna, kuma kada ki bar ƙafar jiƙe a cikinsa. Tausa ta zama shafa mai laushi, ban da takawa. Kada ki sa mai a tsakanin yatsu, danshi a wurin yana jawo ƙaiƙayi da tsagewar fata. Ban da reza a kan kaushi. Tunda ƙafar tana hannunki, ki juya ta a gaban haske ki duba tafinta da tsakanin yatsu. In kin ga ɗan ƙaramin ciwo, ko bororo, ko wurin da ya yi baƙi, washegari a tafi asibiti ko da ya ce ba ya jin komai.

Akwai kuma ƙafar da ba a taɓawa sam. Idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura, sharaɓa ta yi tauri da zafi tana ciwo, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. An fi ganin haka ga mai jego, da wanda aka yi wa tiyata, da wanda ya daɗe kwance, da wanda ya yi doguwar tafiya a takure cikin mota. Matsawa tana iya ɓantaro gudan jinin ya bi jiki ya toshe huhu. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ba a jiran gari ya waye.

Mai ciki kuwa, ɗan kumburin ƙafafu biyu da yamma abu ne da aka saba, shafa da ɗaga ƙafa suna taimaka mata. Amma in kumburin ya haura fuska da hannuwa, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, a ajiye man kaɗanya a kai ta a auna jininta a ranar, don alamun da ke rigayar jijjiga ke nan. Wanda ya gurɗe ko ya faɗi ya kasa taka ƙafar, a fara ɗaukar hoton ƙashin kafin kowa ya sa hannu.