Aikin Kwana-kwana a Karkarar Kano da Jigawa

Aikin kwana-kwana shi ne aikin kashe gobara da ceton rai da dukiya a ƙarƙashin hukumar gwamnati. A Nijeriya an fara shi a Legas a shekarar 1901 a matsayin sashe na 'yan sanda, sannan dokar 1963 ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda a yau take ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Kowace jiha kuma tana da tata hukumar. Kano, mai ƙananan hukumomi 44, da Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991 mai ƙananan hukumomi 27, duk suna da nasu jami'an. Tashoshin dai sun fi yawa a birane da manyan garuruwa, kuma wannan tazarar ce ke juya kusan komai game da aikin a ƙauye.

Shiga aikin

Wata hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya da ake kira CDCFIB ce ke ɗaukar ma'aikatan kashe gobara na tarayya, ita ce kuma ke ɗaukar jami'an sibil difens da na gidajen gyaran hali da na shige da fice. Ana cike takarda ta intanet, a yi jarrabawa, a duba lafiya da ƙarfin jiki da tsayi, akwai kuma iyakar shekaru. Matakin da mutum zai fara a kai ya danganta da takardarsa: mai sakandare, mai difloma ko NCE, ko mai digiri. Babbar makarantar horon tana Sheda, a yankin Abuja. Jihohi suna ɗaukar nasu ma'aikatan, su horar da su.

Ba kowa ke shigowa daga makaranta kai tsaye ba. Akwai direbobin manyan motoci, da makanikai, da 'yan sintiri, da malaman firamare da suka ajiye alli suka sa kaki. Mai sauya sana'a yakan sha wuya a watannin farko, domin magidanci da ya saba cin gashin kansa zai koma yin fareti da asuba, yana karɓar umarni daga wanda ya girme shi a aiki ko da kuwa ƙaninsa ne a haihuwa. Amma tsohuwar sana'arsa ba ta faɗi ƙasa banza. Direban da ya san yadda ake fitar da mota daga yashi, da bakaniken da zai tayar da injin famfo da ya ƙi tashi cikin dare, da ɗan masunta da ya tashi a bakin kogin Haɗejiya ya iya ninƙaya, kowannensu ya zo da abin da ba a koyo a 'yan watannin horo.

Gobarar ƙauye

Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da aiki ke yawa. Iska na kaɗawa, komai ya bushe, an tara kara da harawa a kan rumfa, rumbuna cike da gero da dawa. Garwashin jin ɗumi da aka bari a ɗaki, ko wutar da yara suka cinna wa daji don farautar gafiya, ko jarkar fetur da aka ajiye kusa da murhu, ya isa ya cinye abincin shekara guda. Danni da jinka ba sa jiran mota. Kafin a iso daga garin da ke da tasha, ta hanyar burji, sau da yawa abin da ya rage wa jami'ai shi ne su tare wutar kada ta tsallaka maƙwabta: a rushe danga, a janye kara, a jiƙa rufin da ke gefen da iska ta dosa.

Ruwa ma matsala ne. Tankin mota yakan ƙare cikin 'yan mintoci idan an buɗe tiyo sosai, kuma babu famfunan gobara a bakin hanya. Don haka jami'in kirki yakan san kowane kududdufi da dam da rijiyar burtsatse a yankinsa. Wasu lokuta jama'a kan huce haushinsu a kan ma'aikatan da suka iso a makare, har da jifa. Wannan zalunci ne ga mutanen da ba su suka zaɓi inda aka gina tashar ba.

Ba kowace wuta ake zuba wa ruwa ba. Ta lantarki sai an katse wutar tukuna. Ta fetur kuwa ruwa yaɗa ta yake yi, sai da kumfa ko hoda ko yashi. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, ta kama da wuta yayin da mutane ke kwasar fetur, fiye da mutum 150 suka rasu.

Ceto a rijiya da kududdufi

Wannan ɓangaren ne mutanen birni ba su cika sani ba, alhali yana cikin kiran da ya fi yawa. Da damina yara kan nutse a kududdufin da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini. Rijiya kuwa ta fi haɗari. A ƙasan tsohuwar rijiya ko masai iskar numfashi takan yi ƙaranci, musamman idan an kunna injin jan ruwa a ciki hayaƙinsa ya taru. Mutum ya shiga ya sume, ɗan'uwansa ya bi shi don ya ciro shi, shi ma ya sume. Shi ya sa jami'i ba ya sauka sai an ɗaura masa igiya a ƙugu da kafaɗa, abokan aikinsa na riƙe da ita a sama, da tukunyar iska a bayansa idan akwai. Wanda aka ciro da rai a garzaya da shi asibiti. Gawa kuma a miƙa ta ga 'yan sanda ko mai unguwa ko dagaci, su sada ta da iyalanta.

Zaman tasha

Ana aiki ne bi da bi, dare da rana, har ranar Sallah. Wanda ya karɓi aiki zai duba mai da ruwan mota, da tiyo, da tsani, da gatari, ya ajiye hular kwano da takalminsa inda hannu zai kai cikin duhu. Sauran lokacin atisaye ne, da zagayen makarantun kwana da kasuwanni da gidajen mai don wayar da kan jama'a. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma hukumomin jihohi suna da nasu layukan da suke sanarwa a rediyo.