Baƙin lalle, kwallin jarirai da sauran adon da ke kawo mata asibiti

Kwana tara da kai ta ɗakinta aka kawo mana wata amarya asibitin da nake aiki, hannuwanta biyu a naɗe cikin mayafi. Da ta warware, sai da gabana ya faɗi. Zanen fulawar da aka yi mata ranar ƙunshi yana nan daram, ganye da reshe da ɗigo-ɗigo har gwiwar hannu, amma baƙin ya koɗe, wurin ya yi jajir ya taso, wasu wuraren sun yi bororo suna tsiyayar ruwa. Duk inda layin zane ya bi, nan ciwo ya bi. Tsakanin layi da layi kuwa fata lafiya lau.

Gwaggonta da ta rako ta ta matso kusa da ni ta rage murya. "Sista, ni dai na ce hannu aka sa wa yarinyar nan. An yi ƙunshi lafiya, an yi biki lafiya, sai yanzu?"

Na ce, "Gwaggo, da aka zana, ya daɗe kafin a wanke?"

Ta ce ko rabin awa bai yi ba ya kama, baƙi wuluk, kowa na yabawa.

A nan amsar take. Lallen da muka gada, ganyen da ake shanyawa a daka a kwaɓa, ba ya yin baƙi kuma ba ya kamawa da gaggawa. Shi ya sa iyayenmu suke ƙunshe ƙafa da tsumma ko leda su wuni a zaune, wasu ma su kwana da shi. In an wanke sai ya fito ruwan goro, bayan kwana biyu ya nuna ya yi ja mai duhu. Wanda ake kira baƙin lalle ko dayis, mai kamawa nan take, rini ne irin na gashi, kuma abin da ke ba shi wannan baƙin wani sinadari ne da ake kira PPD. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba ko a rinin gashi, kuma a can da Amurka an hana a shafa shi a kan fata. Mu kuwa ana kwaɓa shi da kauri a zuba a leda, a zana wa amarya tun daga yatsa har kafaɗa, wani lokaci har ƙirji da baya.

Abin da ke rikitar da mutane shi ne jinkirin. A karon farko jiki yakan ɗauki kwana 4 zuwa 14 kafin ya nuna bai yarda ba. Kafin nan an gama biki, baƙi sun watse, an manta da mai ƙunshi, sai zargi ya koma kan kishiya ko maƙwabciya ko kambun baka. Na ga zumunci ya yi tsami a kan abin da ledar rini ce ta haddasa shi, kuma wannan yana yi mini ciwo kamar yadda ciwon hannun yake yi.

Wata za ta ce ai ta sha yi ba abin da ya same ta. Gaskiya ne, ba kowa yake kamawa ba. Amma kowane zane ƙara wa jiki sabo yake yi da ƙin sinadarin, kuma ranar da ya ƙi, ya ƙi ke nan har ƙarshen rayuwa. Daga nan ko rinin furfura ta shafa, fuska na iya kumbura har idanu su rufe cikin kwana ɗaya ko biyu. Wata ko baƙin hijabi mai zuba ta sa sai wuya ya yi ƙuraje. Kada kuma a dogara da ɗan ɗiga shi a bayan hannu don gwaji, domin shiru na kwana ɗaya bai nuna komai ba, kuma ɗigon kansa yana iya zama mafarin matsalar.

Amaryar nan mun wanke mata, mun ba ta maganin shafawa da na ƙaiƙayi, ciwon ya warke cikin 'yan makonni. Amma bayan wata biyu da ta dawo, inuwar fulawar tana nan a fatarta. Na rubuta mata haruffan nan uku, PPD, a bayan katinta, na ce ta nuna wa duk mai gyaran gashin da za ta zauna a gabanta.

In ya riga ya faru, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, kada a fasa bororon, kada a shafa man goge baki ko toka ko manja ko wani haɗin da aka sayo a kemis ba tare da an duba ba. A zo asibiti. Idan kuwa leɓe ko harshe ko wuya ya fara kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ba a jiran gari ya waye. Sannan a ɓoye garin rinin nan inda yaro ba zai kai ba. Likitocin Sudan, inda ƙunshi ya yi ƙarfi ƙwarai, sun daɗe da sanin abin da yake yi in an haɗiye shi: maƙogwaro ya toshe, fitsari ya koma baƙi, ƙoda ta tsaya.

Ku masu sana'ar ƙunshi, ban zo in kashe muku kasuwa ba. Hannunku ne ma ya fi kowane hannu daɗewa cikin rinin nan, kuma da yawanku yatsunku sun tsattsage. Jan lalle na gaskiya yana zanuwa da kyau in an tankaɗe shi da laushi, kuma ƙunshin salatif bai taɓa tsufa ba. Ku faɗa wa mai zuwa gaskiyar abin da ke cikin ledar, ta zaɓa da saninta.

Ko jan lallen ma, ban da jarirai. Akwai yara da yawa a cikinmu, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, kuma iyaye ba su sani ba. In aka shafa wa irin wannan jariri lalle, ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, ya yi fari fat, idanu su yi shawara. Adon suna na mai jego ne, a bar jariri da fatarsa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna, domin shi ba ya ƙaiƙayi balle a farga. Kusan duk jaririn da ake kawo mana rigakafi, idonsa ranbaɗau da kwalli, wani har da gira da ɗigo a goshi. Na san kwalli yana da asali a al'ada da addini, ni ma a hannun kaka mai tandu na tashi. Amma dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa, wanda ya cika kasuwanninmu, akasarinsa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata 6 a birnin Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu dalma ta hau a jininsa. Da aka bincika gidan, sai aka gano kwallin da aka kawo daga Najeriya ne. Aka auna shi, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce.

Mu ba baƙin gubar dalma ba ne. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gida. Na kwalli bai kai wannan yawa ba, shi a hankali yake shiga. Yaro ya murza ido ya sa hannu a baki, hawaye kuma ya gangara da shi ta hanci zuwa maƙogwaro. Cikin yaro yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan kaɗan ɗinta da za a kira marar illa. Ƙwaƙwalwa take taɓawa. Sai bayan shekaru a ga yaro karatu ba ya zama, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Kwalli ba ya ƙara wa jariri gani, ba ya wanke masa ido. Ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi sun isa. Mai juna biyu ma ta haƙura da na dutse, domin dalma tana ratsawa ta kai ga ɗan tayi. Tsinken kwalli ɗaya kuma da gida duka ke amfani da shi, shi ne ke zagayawa da afolo daga ido zuwa ido.

Kan kitso ba zan daɗe ba. Kitson da ya hana yarinya barci, ya ɗage mata gira, ya fito da ƙananan ƙuraje a gaban goshi, ya yi tsauri, a tsefe shi a ranar. Gashin gaba ya fi kowanne rauni. In aka yi ta jan sa shekara da shekaru, musamman da nauyin gashin doki, saiwar takan mutu, kuma in wurin ya yi santsi babu man da zai dawo da shi. A sassauta hannu a gaba, a riƙa sauya salon kitso, a bar kai ya huta tsakanin tsifa da sabon kitso. Kada a sa rilaksa a kan da aka sosa ko aka tsefe a ranar, kada kuma a yi wa ƙananan yara. Kowace yarinya da kibiyarta da matajinta, saboda makero da kwarkwata. Mai sa hijabi ta bari gashi ya bushe sarai kafin ta ɗaure.

Sai farce. Duk mun san ƙarar almakashin mai yankan farce in ya ratso layi, da ɗan kwalbar ruwan kumfarsa. Ruwan kumfa ba ya kashe ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ke iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jinin da ido ba ya gani. Almakashin da ya ɗan ci naman wani da safe, shi zai kankare gefen farcenki ko na maigida da rana. Haka askar wanzami, haka kayan gyaran farce a shago. Ki sayi abin yankan farcenki, ko sabuwar reza a ɓare a gabanki. Kada a yanke fatar gindin farce, ita ce ke toshe ƙofar ƙwayoyin cuta. Farcen ƙafa a yanke shi a miƙe, kada a bi lungu. Mai ciwon suga kuwa kada ya bari kowa ya kusanci ƙafarsa da reza, domin ɗan ƙwarzane yana iya zama gyambo.

Cutar hantar nan tana da allurar rigakafi, manya ma suna iya yi bayan an gwada jininsu. Ta jariri kuwa cikin awa 24 na farko ake so a yi ta, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati. Ko a gida aka haihu, kada a ce sai an yi suna. Mai jego ta zauna ta huta, a naɗe jaririn a ba kaka ko gwaggo ta kawo mana shi a ranar.