Dandalin Sada Zumunta Mallakar Kamfanonin Ƙera Na'urori

Dandalin sada zumunta mallakar kamfanin ƙera na'urori shi ne wanda kamfanin da ke ƙera wayoyin hannu, na'urorin wasan bidiyo, agogunan zamani da makamantansu yake ginawa da kansa domin masu amfani da kayansa su riƙa haɗuwa, su yi hira, su kuma nuna wa juna abin da suke yi. An daɗe ana muhawara a kan ko ya dace irin waɗannan kamfanoni su shiga wannan harka, ko kuwa su tsaya ga ƙera na'ura su bar zumuncin ga dandamali irin su Facebook da WhatsApp. Manyan kamfanoni da dama sun gwada, kuma yawancin abin da suka gina an rufe shi.

Dalilan da ke jan hankalin kamfanoni

Babban dalili shi ne riƙe mai saye. Wanda ya sayi waya a bana yana iya komawa ga wani kamfani bayan shekara biyu ko uku, amma idan abokansa da tsoffin saƙonninsa da hotunansa suna cikin dandalin da ba ya aiki sai a na'urar kamfani ɗaya, sauyawar takan yi masa nauyi. Akwai kuma kuɗin talla, da kuɗin rajista na wata-wata, da sanin halayen masu saye, waɗanda duk sukan tafi aljihun wani idan dandalin ba na kamfanin ba ne.

Abin da tarihi ya nuna

BlackBerry Messenger, wanda aka fi sani da BBM, shi ne misalin da ya fi koyar da darasi, domin ya yi nasara ta gaske kafin ya faɗi. An fito da shi a 2005, kuma ba ya aiki sai a wayoyin BlackBerry. Kowace waya tana da lambar PIN mai haruffa da alƙaluma takwas da mutane ke musanya a maimakon lambar waya, sannan ƙaramin harafin D yakan bayyana idan saƙo ya isa, harafin R kuma idan an karanta shi. Matasa da yawa sun sayi wayar ne saboda BBM kawai. Sai dai WhatsApp, wanda aka kafa a 2009, yana aiki a kusan kowace irin waya, kuma lokacin da kamfanin BlackBerry ya buɗe BBM ga wayoyin Android da iPhone a watan Oktoba na 2013, jama'a sun riga sun ƙaura. An rufe BBM na gama-garin jama'a ranar 31 ga Mayu, 2019. Keɓancewar da ta sayar da wayoyin a farko ita ce ta hana dandalin girma daga baya, kuma wannan shi ne tushen matsalar gaba ɗaya.

Kamfanin Apple ya ƙaddamar da Ping a watan Satumba na 2010 a cikin manhajar iTunes, domin mutane su bi mawaƙa su kuma ga abin da abokansu ke saya. Duk da miliyoyin masu asusun iTunes, dandalin bai kama ba, musamman da haɗin da aka so a yi da Facebook ya wargaje tun da farko, har ya zama da wuya mutum ya gano abokansa a ciki. An rufe shi a ƙarshen Satumba na 2012, Apple kuma ya zaɓi shigar da Twitter da Facebook cikin tsarin wayoyinsa. ChatON na Samsung ya rayu daga 2011 zuwa 2015, MiTalk na Xiaomi kuma, wanda ya riga manhajar saƙonni ta WeChat ta ƙasar Sin fitowa da ɗan lokaci, an rufe shi a 2021.

Miiverse na Nintendo ya bambanta da waɗannan, domin masu amfani da shi sun so shi ƙwarai. An buɗe shi a Nuwamban 2012 tare da na'urar wasan bidiyo ta Wii U, inda 'yan wasa ke zana hotuna baƙi da fari da alƙalamin taɓa allo, saƙonninsu kuma su bayyana a cikin wasannin kansu. Amma na'urar Wii U ba ta kai miliyan 14 da aka sayar ba, kuma da kasuwarta ta mutu, dandalin ya bi ta a Nuwamban 2017. Abin takaici ne cewa zane-zane da hirarrakin shekara biyar sun dogara ga cinikin na'urorin kamfani ɗaya.

Me ya sa yake da wahala

Dandali kamar kasuwa yake: ba kyawun rumfuna ke sa ta ci ba, taruwar mutane ce. Amfaninsa ga mutum yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan waɗanda ya sani a ciki, alhali dangin mutum da abokansa ba sa riƙe da waya iri ɗaya. Don haka muradin mai ƙera na'ura, wato ya keɓe dandalin ga kayansa, yana karo da abin da dandalin ke buƙata domin ya rayu. Idan ya buɗe shi ga kowa, dalilin gina shi ya tafi; idan ya rufe, wani buɗaɗɗe zai sha gabansa.

Ga kuma ɗawainiya da ba ta ƙarewa. Na'ura ana ƙera ta a sayar, amma dandali yana buƙatar ma'aikata dare da rana masu tace cin zarafi, zamba, labaran ƙarya da abin da zai cutar da yara. Doka ma ta ƙara tsanani: dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, tana ba da damar cin tarar da ta kai kashi 4 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani na shekara a duniya. Kamfanin da sunansa ya ginu a kan ingancin kaya yana jefa wannan suna cikin haɗari duk lokacin da wata ɓarna ta faru a dandalinsa.

Inda aka yi nasara

Waɗanda suka ɗore su ne waɗanda zumuncin cikinsu yake manne da ainihin aikin na'urar. Xbox Live na Microsoft, tun 2002, da PlayStation Network na Sony, tun 2006, sun tsaya da ƙafafunsu saboda mai wasa yana buƙatar abokin wasa, jerin abokai da hira ta murya kuwa ɓangare ne na wasan. Haka iMessage na Apple, da aka fito da shi a 2011, bai nemi kowa ya buɗe sabon asusu ya tara mabiya ba: ya shiga manhajar saƙonni da mutane suka saba da ita, idan kuma wanda aka aika wa ba shi da iPhone, saƙon ya tafi ta hanyar SMS, da launin kore maimakon shuɗi. Wannan ne ya raba shi da BBM, domin bai taɓa yanke mai shi daga sauran jama'a ba.

Ko wannan nasarar ma ta jawo idon hukumomi. A ƙarar da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta shigar a kan Apple a watan Maris na 2024, an ambaci yadda saƙonni tsakanin iPhone da sauran wayoyi ke rasa inganci a cikin hujjojin danne gasa, kuma a wannan shekarar ce Apple ya fara karɓar tsarin saƙonni na RCS, wanda wayoyin Android ke amfani da shi.