Ba Yunwa Ke Haifar Da Gyambon Ciki Ba

Da an ce wane yana fama da olsa, sai ka ji an ce ai zama da yunwa ne, ko a ɗora wa yaji da yawan tunani. Waɗannan kan tsananta zafin, amma ba su ne tushen ciwon ba.

Galibi wata ƙwayar cuta ce, H. pylori, wadda likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, har ta kai su ga lambar Nobel a 2005. Sai magungunan kashe zafi irin ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke saya a kemis muna afawa kamar gyaɗa.

Madarar da ake kurɓa kuwa, sauƙinta na ɗan lokaci ne. A je asibiti a yi gwaji. In ƙwayar ce, maganin kusan mako biyu kan kashe ta.