Kicidi

Kicidi, wanda ake rubutawa khichdi ko khichri, abinci ne na shinkafa da ɓarzajjen wake da ake dafawa a tukunya ɗaya har su narke, kuma ana cinsa a Indiya da Pakistan da Bangaladesh da Nefal. Bahaushe zai iya ganinsa kamar ɗan uwan shinkafa da wake, sai dai shi ba a son ya yi warwar. An fi son sa da laushi, wani lokaci har ya kusa kama da fate. A gidajen da ba a cin nama, waɗanda suke da yawa a jihohin Gujarat da Rajastan na Indiya, shi ne abin da ake ɗorawa idan an dawo daga aiki a gajiye.

Abincin ya daɗe. Ibn Batuta, matafiyi ɗan Maroko wanda ya yi alƙalanci a birnin Delhi a ƙarni na 14, ya ambaci cewa mutanen ƙasar suna dafa waken mung da shinkafa, su sa man shanu, su karya kumallo da shi. A ƙarshen ƙarni na 16 kuma Abul Fazl, wazirin sarki Akbar na daular Mughal a Indiya, ya kawo yadda ake yinsa a fada, inda ake auna shinkafa da wake da man shanu daidai wa daida. Wannan man ya yi yawa ga mai girki na yau, wanda cokali ɗaya ko biyu ke isar sa. Turawan Ingila sun ɗauki abincin a zamanin mulkin mallaka, suka ƙara masa kifi da ƙwai, suka kira shi kedgeree.

Saurin dahuwar kicidi ya dogara ne kan irin waken. Mung ƙaramin wake ne kore, wanda idan aka ɓarza shi aka cire ɓawon yakan koma rawaya, kuma ba ya bukatar a jiƙa shi ya kwana. Ana wanke kofi ɗaya na shinkafa da rabin kofi ko kofi ɗaya na waken, a zuba ruwa kamar ninki uku zuwa huɗu na abin da aka auna, a sa gishiri da kurkur, sannan a rufe a tukunya mai riƙe tururi. A cikin irin wannan tukunya zafin ruwa yakan kai wajen digiri 120, shi ya sa girkin ke kammaluwa cikin minti 15 zuwa 20. Masu girki a Indiya ba su cika duba agogo ba, ƙarar fitar tururi suke ƙirgawa: idan tukunyar ta yi fito sau uku ko huɗu sai a sauke, a bari tururin ya huce da kansa kafin a buɗe.

Ɗanɗanon kuwa yana zuwa ne daga abin da suke kira tadka, aikin da bai wuce minti ɗaya ba amma a nan ake gane gwanin girki. Ana narka man shanu a ƙaramin kasko, a watsa 'ya'yan ƙamshi da ake kira jira, waɗanda za su fara tsalle suna yin duhu nan take, a biyo su da citta da busasshen barkono, sannan a juye man a kan abincin yana tsuwa. Idan aka yi sakaci kaɗan jirar ta ƙone, ɗacinta zai bi tukunyar baki ɗaya, don haka ake jera komai a gefen murhu kafin a ɗora kaskon. Mai son kayan lambu yakan jefa dankali da karas da tumatir tun farkon dahuwa. A arewacin Indiya akan ce kicidi yana da abokai huɗu: kindirmo, man shanu, siririyar wainar wake mai ƙaras-ƙaras da ake kira papad, da kuma acar, wato mangwaro ko lemun tsami da aka tsuma cikin mai da yaji.

Haɗin shinkafa da wake yana da amfani ga wanda ba ya cin nama, domin sinadarin gina jiki da ya yi ƙaranci a ɗaya yana samuwa a ɗayan. Saboda sauƙin narkewarsa a ciki ake ba marasa lafiya da yaran da suka fara cin abinci kicidi. A Bengal, yankin da ya haɗa gabashin Indiya da Bangaladesh, abincin ranar ruwan sama ne, kuma akan soya waken a busasshen kasko kafin a dafa. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya, bikin Makar Sankranti da mabiya addinin Hindu ke yi a tsakiyar watan Janairu da sunan abincin ake kiransa, kuma masu ziyara kan kai shinkafa da wake wurin bautar Gorakhnath da ke birnin Gorakhpur.