Ƙwayar kalsiyam da hawan jinin masu juna biyu: tambayoyi da amsoshi

Wane hawan jini ake nufi?

Wanda ke tasowa bayan ciki ya wuce mako 20. Awon jini ya kai 140/90 ko ya haura, sau da yawa a ga furotin a fitsari. In aka yi sakaci, shi ke kaiwa ga jijjiga.

Ina ruwan kalsiyam da wannan, ba na ƙashi ba ne?

A 1980 likitoci biyu, Belizán da Villar, suka lura jijjiga ba ta da yawa a matan ƙabilar Maya na Gwatamala duk da talaucinsu. Al'adarsu ce dafa masara da ruwan farar ƙasar da ake ƙonawa daga dutse, abin da ke cika abincinsu da kalsiyam. Daga nan bincike ya taso. Ana ganin ƙarancin sinadarin na sa jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau.

Nawa ake sha?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giram 1.5 zuwa 2 kullum a wuraren da abinci ba ya wadatar da shi, a raba sau uku, a sha da abinci. Gwajin Indiya da Tanzaniya da aka wallafa a 2024 ya nuna miligiram 500 (rabin giram) ma bai gaza 1,500 (giram 1.5) ba wajen kariya daga wannan ciwo. Ungozoma ko likita ne za su yanke miki. Kada ki haɗa shi da maganin ƙarin jini lokaci guda, domin yana rage shigar sinadarin ƙarfe jiki. Ki bar tazarar sa'o'i.

To in ina sha, na tsira?

A'a, kuma nan ne nake son a saurara da kyau. Babban gwajin hukumar na 2006, mai mata fiye da 8,000, ya nuna kalsiyam bai hana ciwon zuwa ba, tsananinsa ya rage. Zuwa awo bai faɗi ba ke nan. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, duk na tafiya asibiti ne nan take, ko da tsakar dare.

Abinci fa?

Nono, kindirmo, zogale, kuka, riɗi, tamba da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu. Kanwa kam sinadarin gishiri ne ya cika ta, mai hawan jini ta rage ta.